Daga Faifai Zuwa Filash: Yadda Ɗora Windows Ya Sauya a Hannun Masu Gyara

Idan had-disk ɗin laftop ya mutu, sauya shi ba ya cin lokaci: a kwance noti, a zare tsoho, a sa sabo. Aikin gaske yana farawa ne bayan an kunna na'urar, domin sabon had-disk fanko yake zuwa, sai an ɗora masa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Mu da muke wannan sana'a mun ga yadda matakin ya yi ta sauya kama, kuma duk sauyin gefe guda ya nufa: faifai da lambar lasisi, waɗanda a da mai gyara ne kaɗai ke riƙe da su, yau sun koma hannun mai kwamfuta ko da bai sani ba. Saboda haka mai gyaran da har yanzu yake ɗora Windows na jabu a kan duk laftop ɗin da aka kawo masa yana aiki ne da dabarar zamanin da ya wuce, kuma wanda ya ba shi amana ne ke kwana a ciki.

A farkon lamari faifai shi ne jari. Windows 95 ya fito a faifan sidi, ya kuma fito a faifan fulofi 13 da ake sa su ɗaya bayan ɗaya, in guda ya lalace aiki ya tsaya. Da Windows XP ya zo a 2001, Microsoft ya shigo da tsarin tantance lasisi, kamfanonin kwamfuta kuma suna manna sitika mai haruffa da lambobi 25 a ƙarƙashin laftop. Wannan sitika ita ce shaidar mallaka, amma zafin inji da gugar cinya sukan goge ta. Sai kuma had-disk samfurin SATA ya maye gurbin IDE, faifan XP na asali bai san shi ba. Dole a danna F6 a ba shi direba daga fulofi, alhali laftop ɗin lokacin sun daina zuwa da gidan fulofi. Masu gyara suka koyi sauya saiti a BIOS, ko haɗa nasu faifan da direbobin a ciki. Wanda ya iya wannan shi ne oga a layi.

Daga nan kamfanoni suka fara rage kashe kuɗi a kan faifai, suka koma ɓoye kwafin manhajar a wani ɓangare na had-disk ɗin kansa, a danna maɓalli kamar F11 a kwamfutocin HP komai ya dawo sabo. Dabarar tana aiki idan Windows ne ya rikice, amma idan had-disk ne ya mutu, kwafin ya tafi tare da shi, tamkar manomin da ya ajiye irin baɗi a rumbun da gobara ta cinye. Laftop ɗin da ke shigowa kasuwanninmu kuwa yawanci na hannu ne, daga Turai da Amurka, ta Computer Village na Ikeja zuwa shagunan Kano da Kaduna, babu faifai, sitika ta goge, intanet ga tsada ga nawa. A wannan yanayi ne Norton Ghost da ire-irensa suka zama abokan aiki: a shirya kwamfuta ɗaya da duk manhajoji, a kwafe ta, a riƙa zuba wa kowa. Ba na zargin waɗanda suka yi haka a lokacin, domin zaɓin da ke gabansu kaɗan ne.

Amma abubuwa sun juya. Apple ya ba sababbin kwamfutocinsa damar sauko da manhajarsu kai tsaye daga intanet tun 2011. A 2012, da fitowar Windows 8, manyan kamfanoni suka daina manna lambar lasisi a waje, suka koma dasa ta a cikin BIOS, inda mutuwar had-disk ba ta taɓa ta. A Yulin 2015 Windows 10 ya zo da lasisin da Microsoft ke ajiyewa a wurinsa, ɗaure da injin kwamfutar. Ma'ana, a sa sabon had-disk ko SSD, a ɗora irin Windows ɗin da na'urar ta zo da shi, Home ko Pro, da zarar ta hau intanet lasisinta ya dawo. Kamfanin kuma yana ba da manhajar kyauta a sauke a filash mai gigabait 8. Yawancin laftop na hannu da aka ƙera bayan 2012 suna ɗauke da halastaccen lasisi a cikinsu. Wanda ya zuba musu na jabu ya binne abin da aka riga aka biya, ya maye gurbinsa da kwafin da babu wanda ya san abin da aka cusa a ciki, a na'urar da mai ita zai buɗe asusun bankinsa.

Abokan sana'a za su ce data na da tsada, wuta ba ta tsayawa, kuma kwastoma yana son ya karɓi kayansa yau da komai a ciki. Gaskiya ne, amma saukewa sau ɗaya ake yi, filash guda kuma ya ishi kwamfutoci masu yawa. A kan SSD ɗorawar ba ta da jinkirin da za a ce ghost ya fi ta da wani abin kirki. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta tsofaffin na'urori: Windows 11 da ya fito a 2021 yana buƙatar TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, Microsoft kuma ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10. Laftop da dama da ke hannun ɗalibanmu ba su cika sharaɗin Windows 11 ba. To amma maganin wannan shi ne a faɗa wa mai kaya gaskiya, a shimfiɗa masa zaɓi, har da Ubuntu ko Linux Mint da ba sa neman lasisi kuma sun ishi mai rubutu da bincike. Zaɓin nasa ne, bai kamata a yanke masa a ɓoye ba.

Wasu na tsoron cewa in ɗora manhaja ya zama abin da kowa zai iya, abincinmu ya ƙare. Ban yarda ba, domin gwaninta ta koma wani wuri ne kawai. Har gobe akwai sabuwar laftop mai injin Intel da ba za ta ga SSD ɗinta ba sai an ba ta direban da ya dace. Akwai sanin ko tsohon had-disk zai jure a kwashe abin da ke cikinsa, ko kuwa ƙarar da yake yi na nufin a daina kunna shi nan take. Akwai BitLocker da ke kulle bayanai, wanda sai an nemo mabuɗinsa, galibi a asusun Microsoft na mai kwamfuta, kafin a taɓa komai. Windows ana iya ɗora shi sau ɗari, amma kundin digiri da hotunan iyali da lissafin shago, in suka tafi sun tafi. Wannan ya kamata mu koya wa yaran shago tun ranar farko: kafin a ce formatin, a tambayi mai kaya abin da ke ciki, a duba lasisin da na'urarsa ta zo da shi, sannan a mayar masa da abinsa cikakke.