Daga Motar Kara Zuwa Zanen Mota: Nazarin Ƙera Ƙananan Motoci a Birnin Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi al'adar ƙera ƙananan motoci a birnin Sakkwato, tun daga motar kara har zuwa ta langa-langa da ta gwangwani, sannan ta ajiye ta kusa da sana'ar harhaɗa ƙananan motocin roba da ta bunƙasa a Ingila da Amurka da Jafan bayan yaƙin duniya na biyu. Hujjar maƙalar ita ce, abin da ake kallo a matsayin wasan yara horo ne na gaske a kan sanin fasalin mota. Abu biyu ne suka taƙaita shi: rashin aiki da ma'auni, da rashin tsanin da zai ɗauki yaro mai baiwa daga bakin lungu zuwa makaranta.

Gabatarwa

Da an gama yankan dawa, wajen watan Nuwamba, sai kara ya fara shigowa Sakkwato a kan jakuna da raƙuma da amalanke. Manya na bukatarsa don darni da rumfa da girki. Yara kuwa da wata manufa suke zagaya damin: suna neman kara miƙaƙƙe, mai kauri, wanda ya bushe sarai amma bai ruɓe ba. Duk wanda ya tashi a Mabera ko Runjin Sambo ko cikin tsohon gari ya san lokacin, domin kafin hunturu ya kankama lunguna sun cika da motoci masu dogon sitiyari, kowace da direbanta a ƙafa yana yi mata kukan inji da baki.

Ba kasafai manazarta ke tsayawa kan wannan aiki ba. Akan ambace shi a layi ɗaya cikin jerin wasannin yara, tsakanin langa da gare, a wuce. Maƙalar nan ta zaɓi ta tsaya.

Motocin da ake kwaikwaya

Yaro ba ya ƙera abin da bai gani ba, don haka tarihin ƙananan motocin nan tarihin titunan Sakkwato ne. Daga 1967, lokacin da birnin ya zama hedikwatar Jihar Arewa Maso Yamma, motocin gwamnati da na 'yan kasuwa suka ƙaru. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma a wannan shekarar ce wata Fijo samfurin 504 ta lashe gasar tseren Safari ta gabashin Afirka, da Ove Andersson a sitiyari. Motar ta fito ne a Faransa a 1968, amma a nan ta yi gida. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da Fijo motar ofis, direbobin tasha suka rungumi doguwarta mai layi uku na kujeru don zirga-zirgar Sakkwato zuwa Gusau da Kano da Illela, masu kaya kuma suka kama a-kori-kura. An ci gaba da haɗa 504 a Kaduna har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita.

Sai dai sarauniyar motocin yara ita ce Roka, wato babbar Marsandi mai gajeren hanci da bodin katako, wadda ke kwasar albasar Gada da Wurno da shanun Acida zuwa kudu. Dalilin a fili yake. Bodinta sanduna ne a jere, kamar dai don kara aka zana shi, ga fenti kala-kala, ga rubuce-rubuce a goshi da baya.

Yadda ake aikin

Kara kashi biyu ne: ɓawo mai tauri a waje, da totuwa mai laushi a ciki. Duk hikimar motar kara tana cikin haɗa waɗannan biyun. Yaro kan sa reza ya feɗe ɓawon siri-siri, ya fiƙe bakin kowane, waɗannan su ne ƙusoshinsa da sandunansa. Totuwar kuma ya yayyanka ta guntu-guntu, ita ce ginshiƙi, ita ce mahaɗa. Zai fara da dogaye biyu a kwance, su ne shasi, ya gicciya gajeru a kansu, ya soke da tsinken ɓawo. Daga nan ya tayar da kan mota, ya bar gurbin gilashi, ya karkata bonet ɗin kaɗan yadda ta Roka take. Babu gam, babu ƙusa. Idan ya soka tsinke a karkace totuwar ta tsage, dole ya sake yanka wata, kuma ta haka yake gane cewa kowane abu yana da iyakar nauyin da zai ɗauka.

Taya ce ke raba gwani da ɗan koyo. Da can sakaina ake fafewa a goge gefenta a jikin dutse har ta zama da'ira. Daga baya tsohon silifa ya karɓi aikin, domin ana iya ɗora murfin gwangwani a kansa a zagaye da wuƙa, a fitar da tayoyi huɗu ko shida girma ɗaya. Mai son nuna gwaninta yakan yi wa bayan motar taya bibbiyu, ya rataya safaya a ƙarƙashi, ya ɗaure gatarin gaba da zaren roba na tsohon tif yadda in an murɗa dogon karan sitiyari tayoyin za su juya. Wannan ƙaramar dabara ta ƙunshi ainihin ƙa'idar da ke juya tayar babbar mota: sanda mai juyawa, mahaɗa, da abin da ke dawo da taya saiti.

Motar langa-langa da ta gwangwani mataki ne na gaba, kuma a nan ne wasan ke shiga sana'a. Sai da filaya da almakashin ƙarfe, wani lokaci har da dalma. Sakkwato gari ne na maƙera, unguwar Maƙera Assada shaida ce, ga kanikawa da masu walda da masu gyaran bodi a ko'ina. Yaro kan raɓa gareji ya ce, "Baba, a taimaka mini da guntun waya," a ba shi, har a nuna masa yadda ake lanƙwasa bakin gwangwani don kada ya yanke shi. Gwangwanin madara ya zama tankin mai, na kifi ya zama bodin a-kori-kura, murfin kwalba ya zama fitila. Ragowar fentin mai shi ne ado, kuma da tsinke ake rubuta "Allah Ya kiyaye hanya" a goshin motar. Wanda gidansu ke kusa da dukawa yakan samu ɓarɓashin jar fatar nan ta akuyar Sakkwato ya shimfiɗa wa kujeru.

Yadda abin yake a wasu ƙasashe

A Ingila, kamfanin Airfix ya fitar da ƙaramar tarakta samfurin Ferguson a 1949, aka riƙa sayar da ita a wargaje mai saye ya haɗa da kansa. A Amurka, AMT ya fara ne da ƙananan motocin talla da dillalai ke nuna wa masu saye, kafin a 1958 ya shigo da ƙunshin da ake iya haɗawa ta hanya uku: yadda motar ta fito daga kamfani, ko da ado na musamman, ko a matsayin motar tsere. Kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Jafan kuwa da sana'ar katako ya fara a 1946, kafin ya shigo wannan fage.

Mai wannan sha'awa yakan buɗe kwali ya tarar da sassan roba a manne da firam. Ya cire su da ɗan almakashi, ya goge da samfefa, ya cike tsagu da foti, ya fesa fentin share fage, sannan launi, sannan mai ƙyalli. Gam ɗin da ake amfani da shi narkar da robar yake yi har sassan biyu su zama ɗaya. Aiki ne na haƙuri, kuma masu gwaninta cikinsu har tsatsa da ƙurar hanya suke zanawa.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne lambar da ke jikin kwalin, kamar 1:24 ko 1:43. Tsawon Fijo 504 ya kai kimanin mita 4.49, tazarar da ke tsakanin gatarin gaba da na baya kuma mita 2.74. A ma'aunin 1:24, motar za ta zama santimita 18.7, tazarar gatari 11.4. A 1:43 kuwa tsawon santimita 10.4 ne. Mai haɗa motar kwali ya samu wannan lissafi a gama, injiniyan kamfani ya riga ya yi masa. Yaron Sakkwato ba shi da lissafin, amma shi ne ke yanke shawarar komai: inda taya za ta zauna, tsayin rufi, da abin da zai tsaya a madadin gilashi. Ta fuskar ƙirƙira, aikinsa ya fi kusa da na mai zana mota. Ta fuskar daidaito kuwa an bar shi a baya, shi ya sa sau da yawa akan ga tayoyi sun yi wa mota girma ko kai ya rinjayi bodi. Gyaran wannan bai wuce rula da darasin raba lamba ba, kuma abin takaici ne a ce darasin lissafi na aji da motar da ke jiran yaron a gida ba su taɓa haɗuwa ba.

Batun tsani

Daga 1930 zuwa 1968 kamfanin General Motors ya ɗauki nauyin wata gasa mai suna Fisher Body Craftsman's Guild, inda samari ke ƙera ƙananan motoci da hannunsu, waɗanda suka yi nasara a biya musu kuɗin karatu. Da farko keken doki na sarauta ake kwaikwaya, daga 1937 aka buɗe fagen zana mota. Chuck Jordan, wanda ya yi nasara a 1947, shi ne ya zama shugaban sashen zane na kamfanin a 1986. Kamfanin ya gane cewa hannun da ya iya fitar da ƙaramar mota shi zai iya fitar da babba, kuma har gobe masu zana motoci sai sun sassaƙa samfuri da yumɓu kafin a taɓa ƙarfe.

Sakkwato tana da nata misalin a wannan kamfani. Jelani Aliyu, wanda aka haifa a 1966, ya yi makarantar Capital da Kwalejin Gwamnatin Tarayya a Sakkwato, ya karanci zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, sannan a 1990 tallafin karatu na jihar ya kai shi College for Creative Studies a Detroit. Ya shiga General Motors a 1994, kuma zanensa ne ya zama samfurin farko na Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar NADDC mai kula da zane da bunƙasa ƙera motoci a Nijeriya, kuma a zamaninsa ne aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021. Tarihinsa ya nuna abin da tallafi ɗaya ke iya yi. Amma tallafin ya same shi ne bayan ya riga ya tsallake matakai da dama na boko. Yaron da hannunsa ya fi bakinsa iya magana, wanda wataƙila almajiri ne ko ɗan gareji, babu gasar da za ta gano shi.

Gasa irin wannan ba ta bukatar kuɗi mai yawa. Makarantun firamare da na allo za su iya shiga, a ba kowa takarda ɗaya mai ɗauke da tsawo da faɗi da tsayin 504 ko Roka, a ce a fitar da ita a 1:24 da kara ko gwangwani ko kwali, alƙalai kuma su haɗa da malamin jami'a da tsohon mai gyaran bodi.

Adanawa

Akwai gaggawa a wani ɓangaren. Motocin roba masu arha daga Sin sun cika kasuwa, wayar hannu ta cinye lokacin da yara ke zaman feɗe kara, masu yi a yanzu kuma Hilux da Keke Napep suke kwaikwaya, domin su suke gani. Yaran da suka ƙera ƙananan Fijo da Roka a shekarun 1970 yanzu sun kusa ko sun haura sittin. Kayan aikin kansu ba sa jimawa: gara na cin kara, damina ɗaya ta ishi gwangwani ya yi tsatsa. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu wuri ne da ya dace a nemi irin waɗannan dattawa su sake ƙera samfuri, a ɗauki aikin a bidiyo daga yankan kara har ɗaura sitiyari, a rubuta sunan kowane sashe yadda Basakkwace ke faɗinsa, kuma a ɗauki hoton kowace mota ta gaba da gefe da sama, da rula a ajiye kusa da ita.