Daga allon itace zuwa allon lantarki: tarihin allon ɗan koyo



Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Dambatta, Bichi ko Dawakin Tofa zai tuna allon farko da aka miƙa masa. Ba shi da tsada. Yaro ya rubuta, ya kuskure, a wanke, ya sake. In ya tsage, ranar kasuwa a sayo wani. A wannan makon za mu duba tarihin wani allon daban, wanda shi ma don ɗan koyo aka yi shi.

Mitar wuta mai kati, na'urar POS, inbata, da akwatin da ke sarrafa famfon sola a gonakin rani, kowannensu akwai 'yar ƙaramar kwamfuta a cikinsa. Da yawansu suna aiki da ƙaramar manhajar gudanarwa, wadda ke raba lokaci tsakanin ayyuka: yanzu a auna ƙarfin batir, yanzu a nuna lamba, yanzu a tura saƙo. Mai son koyon rubuta irin wannan manhaja yakan fara da allon gwaji, wani ɗan faifai da bai wuce tafin hannu ba. Tambayar ita ce, wanne zai saya? Tarihi yana da amsa.

A 1987 wani malamin jami'a a Amsterdam, Andrew Tanenbaum, ya fitar da manhajar MINIX tare da littafin da ya bayyana yadda take aiki. Wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya karanta littafin, a 1991 ya fara Linux. A 2003 Richard Barry ya fitar da FreeRTOS kyauta, manhajar gudanarwa ƙarama da ke shiga na'urori marasa ƙarfi. Manhaja ta samu, saura abin da za a ɗora ta a kai.

A 2005, a garin Ivrea na Italiya, Massimo Banzi da abokan aikinsa suka ƙera Arduino, saboda allon da ɗalibansu ke amfani da shi ya yi musu tsada. Sun bar zanensa a fili, kowa na iya kwaikwaya, shi ya sa farashinsa ya sauko. A Ingila kuma, Eben Upton na Jami'ar Cambridge ya lura cewa sababbin ɗalibai ba su kai waɗanda suka tashi da kwamfutar BBC Micro ta 1981 iya sarrafa na'ura ba, don ba su taɓa samun wadda za su yi wasa da ita ba tare da fargaba ba. Daga nan aka haifi Raspberry Pi, wanda ya fito ranar 29 ga Fabrairu, 2012, a kan dala 35. A 2014 kamfanin Espressif na Shanghai ya fito da ESP8266, sai ESP32 a 2016, wanda kayan aikinsa ke tafe da FreeRTOS.

Mu dawo gida. A 2007 shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfuta, One Laptop per Child, ya yi gwaji a firamaren Galadima da ke gefen Abuja. Kwamfutocin suna aiki da Linux, yara kuma sun yi murna. Amma rashin wuta da gyara suka zama matsala, cinikin miliyan ɗaya da aka yi ta maganar Nijeriya za ta yi kuma bai tabbata ba. Kayan da mutum ba zai iya caji, gyarawa ko sayen madadinsu da kuɗinsa ba, ba sa daɗewa a hannunsa.

To, matashin da ke ƙauye a Makoda, kusa da madatsar ruwa ta Thomas, yana son haɗa abin da zai kashe famfo idan ƙasa ta jiƙe, me zai zaɓa? Arduino Uno yana da sauƙin farawa, amma ma'adanar aikinsa kilobait 2 ce kacal, ta yi wa manhajar gudanarwa ƙunci. Raspberry Pi kwamfuta ce sosai mai ɗaukar Linux, sai dai tana son katin memori da wuta tsayayya, kuma ɗaukewar wuta tana iya lalata abin da ke kan katin. ESP32 yana da kilobait 520 da WiFi, fawa banki ya ishe shi, kuma kuɗinsa bai kai rabin na Pi ba. A kansa mutum zai ga yadda ake raba ayyuka da idonsa. Yana buƙatar laftof don loda masa manhaja, amma ta aro ma ta wadatar. A ganina shi ne ya fi kama da allon makarantarmu: a rubuta, a goge, in ya ƙone a sayi wani. In da hali, a sayi biyu tun farko.

Saura abin da ya shafe mu. Lokacin da ESP8266 ya fito, bayanansa da Sinanci suke. Masu sha'awa ne suka zauna suka fassara su zuwa Turanci, sannan duniya ta karɓe shi. MINIX ma da littafinsa ya isa hannun Torvalds. Yau bayanan waɗannan alluna kusan duk da Turanci da Sinanci suke, alhali ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Bichi ko na Kwalejin Noma ta Audu Bako da Hausa yake tunani. Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa, tun 1977, ta nuna yaranmu suna iyawa in an ba su dama.

Ba sai ka zama injiniya ba. Nemi wanda ya iya, ka zauna da shi ya kunna maka fitila ɗaya a kan allon, ka rubuta matakan da Hausar da ƙanenka zai bi ba tare da ya tambaye ka ba. In ya kunna tasa, rubutunka ya yi.

Allah Ya sa mu dace.