Rubutacciyar Waƙa a Hannun Makaɗi: Tarihin "An die Musik" ta Schober da Schubert

1.0 Gabatarwa

Kalmar "waƙa" a Hausa ta haɗa wadda aka rubuta da wadda aka rera, shi ya sa manazarta kan ƙara "rubutacciya" ko "ta baka" domin bambancewa. Wannan muƙala za ta dubi wata rubutacciyar waƙa ta Jamusanci mai suna "An die Musik", wato "Zuwa ga Kiɗa", wadda Franz von Schober (1796-1882) ya rubuta, abokinsa Franz Schubert (1797-1828) kuma ya sa mata kiɗa a birnin Viyana cikin watan Maris na 1817. Manufar ita ce a nuna cewa makaɗi na iya yi wa waƙa sharhin da manazarci ba zai kai gare shi ta hanyar kalmomi ba.

2.0 Waƙar a Kan Takarda

Baiti biyu ne kawai, kowane da ɗango huɗu, ɗango na farko yana amsa-amo da na uku, na biyu da na huɗu. Mawaƙin ya mutuntar da kiɗa, yana yi masa magana kai tsaye, yana gode masa saboda yadda yakan fid da shi daga ƙunci. Jigon godiya ke nan, kuma babu wani sabon abu a cikinsa. Masana adabin Jamusanci ba su taɓa sa Schober a sahun Goethe ko Schiller ba, kuma suna da gaskiya.

3.0 Yadda Schubert Ya Karance Ta

Sai an san halin da Schubert yake ciki kafin a gane karatunsa. A 1816 ya nemi aikin koyar da kiɗa a garin Laibach bai samu ba. A shekarar ce aka aika wa Goethe waƙoƙinsa da Schubert ya sa wa kiɗa, aka dawo da su ba tare da amsa ba. A ƙarshenta ya bar koyarwa a makarantar mahaifinsa, ya koma zama gidan su Schober. Saboda haka ƙuncin da baitin farko ya ambata ba adon magana ba ne a wurin saurayin nan ɗan shekara 20 da ba shi da albashi.

Hannun dama na mai fiyano yana maimaita bugu iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, hannun hagu kuwa yana tafe da nasa kari can ƙasa, yana amsa wa mai rerawa. A kan takarda mutum ɗaya ne ke magana, kiɗa yana saurare. Schubert ya mayar da abin zance tsakanin biyu, domin wanda ake gode wa yana nan yana mayar da jawabi. Haka nan ya maimaita ɗangon ƙarshe na kowane baiti, abin da Schober bai yi ba, sannan bayan muryar ta yi shiru ya bar fiyano ya ci gaba shi kaɗai. Baitocin biyu kari ɗaya suka hau, don haka nauyin bambance su ya koma kan mai rerawa, a inda zai ja numfashi da inda zai sassauta murya.

Ba a buga waƙar ba sai 1827, shekara guda kafin rasuwar Schubert yana da shekara 31.

Bayan shekara 150 da tsara ta, wani makaɗin ya kai wannan karatu ƙarshensa. A watan Fabrairu na 1967 aka yi taron ban kwana da Gerald Moore a zauren Royal Festival Hall da ke Landan. Shi Moore ya shafe rayuwarsa yana raka mawaƙa da fiyano, kuma a daren Dietrich Fischer-Dieskau da Elisabeth Schwarzkopf da Victoria de los Ángeles duk sun rera tare da shi. Da aka zo rufewa sai ya zauna shi kaɗai ya kaɗa "An die Musik", ya ɗora karin muryar a kan fiyano, ba a furta ko kalma ɗaya ta Schober ba.