Tarihin Jiyyar Taɓin Hankali da Zane-zane

Mai ciwon jiki ya kan nuna wa likita inda ke yi masa zafi da yatsa. Mai ciwon rai ba shi da wurin nunawa, sai ya faɗa da baki, alhali kuwa sau da yawa bakin ne ciwon ya kan fara ɗaurewa. Wannan shi ya sa waɗansu masana na Turai da Amurka suka shiga ba marasa lafiya takarda da launi da yumɓu, ko hannu ya fid da abin da harshe ya kasa. Nufina a nan in bi sawun wannan sana'a, domin mai son sanin abin da zai tarar a cikinta ya san asalinsa. Tun farkonta gardama guda ce ke biye da ita, watau hoton da mara lafiya ya zana, na likita ne ko na mai shi?

Cikin 1919 aka ɗauki wani likita Bajamushe, Hans Prinzhorn, aiki a asibitin masu taɓin hankali na Jami'ar Heidelberg. Da ya ke ya yi karatun tarihin zane-zane tun bai koyi likitanci ba, sai ya aika wa asibitoci da takardu yana neman ayyukan marasa lafiya. Cikin shekara biyu aka tara zane kusan 5,000 na mutum wajen 450, ya kuwa buga littafi a kansu cikin 1922. Amma wannan ba jiyya ba ce. Mutanen nan don kansu suka yi zanensu, aka kwasa don masana su duba. Ƙarshen labarin bai yi daɗi ba, gama daga 1938 'yan Nazi suka riƙa yawo da waɗansu hotunan gari gari, suna jera su da na gwanayen zamani don su yi wa duka ba'a. Waɗansu masu zanen, irin su maƙerin nan Franz Karl Bühler, gwamnatin Nazi ta kashe su cikin 1940, sa'ad da ta shiga hallaka masu taɓin hankali.

Wanda ya raɗa wa sana'ar suna kuwa ba likita ba ne, mara lafiya ne. Cikin 1938 tarin fuka ya kwantar da wani mai zane, Adrian Hill, a wani gidan jiyya da ke Midhurst, ƙasar Ingila. A zamanin nan ba a sami maganin cutar ba tukuna, sai kwanciya wata da watanni. Hill ya shiga zana abubuwan da ke kusa da gadonsa, ya ga zuciyarsa tana sauƙi, sa'an nan ya fara koya wa sauran marasa lafiya. Cikin 1942 ya sa wa aikin sunan da a ke kiransa da shi har yau a Turance, ma'anarsa jiyya da zane.

Cikin 1946 Edward Adamson, wanda ya taɓa aiki tare da Hill, ya kai abin asibitin masu taɓin hankali na Netherne, kudu da Landan. Da farko likitoci suka kafa masa ƙa'ida: kowa takarda iri ɗaya, launi iri ɗaya, in an gama a kai musu hotunan su yi nazari, har suna gwada zanen mutum kafin a yi masa aikin ƙwaƙwalwa da na bayan aikin. Bayan likitocin nan sun tashi, Adamson ya ci gaba bisa ga ra'ayinsa har 1981. Bai koya wa kowa zane ba, bai kuma yarda ya fassara hoton wani ba. A ganinsa mai hoto kaɗai ke da ikon faɗin abin da ya ke nufi.

A Amurka mata biyu suka riƙe gardamar. Margaret Naumburg, wadda ta fara aiki da yara a wata cibiyar likitocin hankali ta New York cikin 1941, ta bi tafarkin Sigmund Freud. A wurinta hoto wani irin magana ne, kamar mafarki, sai mai shi ya yi ta faɗin abin da ya tuna masa har ɓoyayyen abu ya fito. Edith Kramer kuwa, wadda ta gudo daga Turai cikin 1938, ta yi aiki da yara maza masu ƙiriniya a makarantar Wiltwyck daga 1950, ta ce maganin yana cikin yin zanen kansa. Yaron da fushi zai sa ya fasa taga, in ya iya mai da fushin nan ya zama hoto mai tsari, to, ya sami iko da shi ko bai ce uffan ba.

Aka kafa ƙungiyar masu wannan aiki a Ingila cikin 1964, ta Amurka kuwa cikin 1969. Yau a ƙasashen biyu sai mutum ya yi digiri na biyu a kai kafin ƙungiyoyin su karɓe shi. Wanda ya je wurinsu zai tarar an gwama hanyoyin nan duka. A kan zauna wajen sa'a guda ko fiye, galibi sau ɗaya a mako, shi kaɗai ko tare da waɗansu. Ba a neman gwaninta, ba a kuma ba hoto maki. Mai jiyya ba ɗan duba ba ne da zai kalli jan launi ya ce ga cutarka. Tambaya zai yi, ya saurara, in mai zanen ya zaɓi yin shiru a bar shi. A kan adana hotunan a asirce kamar sauran sirrin mara lafiya. Wani lokaci zanen ya kan tono baƙin cikin da aka binne, shi ya sa a ke yinsa gaban wanda ya koyi aikin.

Sauran tambaya guda: yana warkarwa? Cikin 2009 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta ba da shawara a duba yiwuwar yin amfani da shi ga masu cutar sikizofiriniya, wadda kan sa mutum jin muryoyin da babu su, ya kuma janye daga jama'a. Amma cikin 2012 aka buga sakamakon wani babban gwaji mai suna MATISSE, na mutum 417 masu wannan cuta. Bayan shekara biyu ba a ga waɗanda aka tura wurin zane sun fi sauran samun sauƙi ba, ko da ya ke da yawa cikinsu ba su halarci ko zama ɗaya ba.

Saboda haka kada mai ciwo mai tsanani ya bar maganin likita don ya kama alƙalami. Abin da tarihin nan ya tabbatar bai kai warkarwa ba, amma ba ƙaramin abu ba ne. A zamanin Prinzhorn a kan karɓe hoton mara lafiya a yi magana a kansa yana can kulle. Bayan Adamson da Naumburg da Kramer, sai aka zaunar da shi gaban hoton, aka tambaye shi, aka jira amsarsa.