GRE da GMAT: yadda ɗalibin da ya yi karatu da Faransanci zai shirya wa sashen fahimtar rubutu

Ɗalibin da ya kammala lisans ko mastar a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, in yana neman gurbin ƙarin karatu a inda ake koyarwa da Ingilishi, sau da yawa zai tarar an sa sakamakon GRE ko GMAT cikin takardun da ake buƙata. Kuɗin rajistar kowace ɗaya ya haura dalar Amurka 200, kuma wanda makinsa ya gaza yakan jira zagayowar wata shekara kafin ya sake aje takardunsa. Ga wanda Ingilishi ne harshensa na uku ko na huɗu, sashen fahimtar rubutu shi ne ya fi neman dogon shiri.

Tsarin jarrabawowin

Cibiyar ETS da ke jihar New Jersey ta Amurka ita ke shirya GRE. Tun watan Satumba na 2023 aka taƙaita ta zuwa awa 1 da minti 58. Akwai rubutun insha'i na minti 30, da sashen lissafi mai tambayoyi 27 cikin minti 47, da sashen harshe mai tambayoyi 27 cikin minti 41. Kusan rabin tambayoyin harshe na fahimtar nassi ne, saura kuwa cike gurbin kalmomi ne cikin jimla. Makin harshe da na lissafi kowane yana tsakanin 130 da 170, na insha'i kuma tsakanin 0 da 6. Amsar da aka kuskure ba ta rage maki, don haka ba a barin tambaya babu amsa.

GMAT ta makarantun kasuwanci da gudanarwa ce, kuma hukumar GMAC ke kula da ita. Sabon tsarinta da ya fara a ƙarshen 2023 yana ɗaukar awa 2 da minti 15, sassa uku, kowane minti 45. Sashen harshe yana da tambayoyi 23, kuma jimillar maki daga 205 ne zuwa 805. Ko a Faransa, makarantu irin su INSEAD da HEC Paris suna neman GMAT ko GRE ga masu son shiga MBA. Sakamakon jarrabawowin biyu yana aiki har shekara 5.

Kada a haɗa su da TOEFL da IELTS. Waɗannan na tabbatar da cewa mutum ya iya Ingilishi ne, kuma shekara 2 ake karɓar sakamakonsu. GRE da GMAT kuwa har ɗan Amurka da ya tashi da harshen yana zaunawa ya yi su.

Abin da ake aunawa

Nassoshin GRE ana ɗauko su daga kimiyya, da nazarin zamantakewa, da tarihi, da adabi. Mafi yawansu sakin layi ɗaya ne. Ba a buƙatar sanin fannin tun da farko, domin duk amsar tana cikin nassin. Abin da ake son gani shi ne ko ɗalibi zai gane babban batun marubuci, ya rarrabe ra'ayinsa da na waɗanda yake ambato, ya gano hujjar da aka ɗora hukunci a kanta, ya kuma san abin da nassin bai faɗa ba. Duk wannan cikin kimanin minti ɗaya da rabi ga kowace tambaya, har da lokacin karatun.

Wanda ya saba da haddar kwas ɗin malami ya mayar masa da shi ranar jarrabawa sai ya canza hannu, don a nan babu kwas ɗin da za a haddace.

Ribar Faransanci da tarkonsa

Kalmomin Ingilishi masu wuya da yawa daga Latin da Faransanci suka fito. Wanda ya san éphémère, laconique da prodigue ba zai tsaya a kan ephemeral, laconic da prodigal ba. Wannan jari ne da ɗalibin Nijar ke shigowa da shi tun daga lise.

Sai dai akwai kalmomin da suka yi kama amma ma'anarsu ta rabu. Actually na nufin "a gaskiya", alhali actuellement na nufin "a yanzu". Eventually na nufin "a ƙarshe", éventuellement kuwa "wataƙila". Kalma ɗaya irin wannan kan juya ma'anar sakin layi baki ɗaya. A ware musu shafi na musamman cikin littafin bita. Haka kuma gajerun kalmomin Ingilishi na asali, waɗanda ba su da dangi a Faransanci, su ne suka cancanci mafi yawan lokacin hadda.

Yadda ake karanta nassi

Bayan kowane sakin layi, a tsaya a faɗi aikinsa cikin jimla ɗaya: yana gabatar da ra'ayi, ko yana kawo hujja, ko yana rushe abin da ya gabata. Yin haka da Hausa ya fi tona asirin rashin fahimta, domin ba a iya fakewa da maimaita kalmomin marubuci.

A sa ido kan kalmomin juyi irin su however, although da yet, saboda sau da yawa ra'ayin marubuci na biye da su. Therefore da thus kuwa suna nuna hukunci. A lura da bambancin some, most da all. In nassi ya ce "wasu", amsar da ta ce "duka" kuskure ce ko da ta yi kama da gaskiya.

Kafin a duba zaɓuɓɓukan amsa, a fara ba kai amsa, sannan a koma nassin a nuna layin da ke tabbatar da ita. Amsar da ba ta da layi a nassi a bar ta, ko da ilimin da mutum ke da shi ya yarda da ita.

Sauri kuwa daga yawan kalmomin da aka sani da yawan karatu yake zuwa. Masanin koyar da harshe Paul Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin Ingilishi ba tare da ƙamus ba yana buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Wannan ba aikin mako biyu ba ne.

Abin da bincike ya nuna kan bita

Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo. A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai nassi. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu suka karanta sau ɗaya sannan suka yi ta rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda masu gwada kansu sun tuna kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40.

A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu 10. Biyu suka fito a sahun gaba: gwada kai, da rarraba bita cikin kwanaki. Sake karantawa da ja wa layi alƙalami suna cikin na ƙasa. Wanda ya yi makarantar allo ya san tsarin: ana rufe allo a kawo karatu da ka, kuma ana komawa tilawar baya don kada ta zube.

Ga kalmomi, ƙananan katuna sun isa, kalma a fuska ɗaya, ma'ana da jimlar misali a ɗaya fuskar. Wadda aka sani a jinkirta ta kwanaki, wadda aka kuskure a dawo da ita gobe. Manhajar Anki tana yin wannan lissafi, kuma kyauta ce a kwamfuta da wayar Android.

Tsarin wata uku

A makon farko a yi cikakkiyar jarrabawar gwaji da agogo. ETS na ba da POWERPREP kyauta a shafinta, GMAC ma tana da nata gwajin kyauta. Daga nan, wata na farko a riƙa karanta rubutun Ingilishi mai nauyi na minti 30 zuwa 45 kullum, kan fannin da ba na mutum ba, tare da minti 15 na katuna. Awa ɗaya kullum ta fi awa bakwai ranar Lahadi. A sauko da nassoshi cikin waya tun da wuri, don ɗaukewar wuta ko yankewar intanet kada su karya tsarin.

Wata na biyu a shiga tambayoyin hukuma ba tare da agogo ba, a buɗe littafin kurakurai. Ga kowace tambayar da aka faɗi a rubuta dalili: rashin sanin kalma, ko rashin bin hujja, ko gaggawa. Bayan mako biyu littafin zai nuna inda rauni yake. Abokan karatu biyu ko uku na da amfani in kowa zai kare amsarsa da layin nassi.

Wata na uku a dawo da agogo, a kuma riƙa karatu a allon kwamfuta, tun da a kansa ake jarrabawar. Kwana biyun ƙarshe na hutu ne da isasshen barci.

Kafin a biya kuɗi

Tun annobar korona ta 2020 sassan jami'o'i da yawa sun daina tilasta GRE, don haka a duba shafin sashen da ake nema, a kuma bincika halin da dokokin biza na ƙasar suke ciki. Ana iya sake GRE bayan kwana 21, har sau 5 cikin wata 12, amma kowane zama da kuɗinsa. A tsai da ranar jarrabawa aƙalla wata biyu kafin rufe karɓar takardu, kuma kada a yi rajista sai makin gwajin gida ya kai wanda jami'ar ke nema.