Daga Daɓe Zuwa Gugar Kankare

Kafin in san injin guga, madaɓi na sani. A gidanmu idan za a kawo amarya, mata ke taruwa a ɗakin da za ta tare, a zuba marmara da tsakuwa, a yayyafa ruwa, su durƙusa a jere suna duka suna waƙa har ƙasa ta kwanta luf. Sai a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a shayar da daɓen da ruwanta. Kwana biyu ya yi duhu ya yi sheƙi, ruwa ba ya shigarsa da wuri. Ashe sana'ar da zan ci abinci da ita ke nan nake kallo ban sani ba.

Siminti ne ya kori madaɓi. An buɗe masana'antarsa ta farko a Najeriya a Nkalagu a 1957, ta Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka a 1979. A tsakani, a 1975, gwamnati ta yi odar da ta sa jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a tashar Legas da siminti, wani har ya daskare a cikin jirgi. Mai ƙaramin ƙarfi sai ya sa birkila ya barbaɗa jar kala a kan ɗanyen siminti ya lailaye da cokali, uwargida ta riƙa bi da kaki da tsumma. Mai hali kuwa tarazo yake yi.

A nan na shigo. Maigidana a hannun Italiyawa ya koya, kuma sana'ar tasu ce tun asali: ma'aikatan yankin Benis ne suka fara tattara ɓarɓashin dutsen mabul da ya rage a aikin attajirai suna daɓe farfajiyar gidajensu da shi. Mu namu dutsen daga Jakura ta wajen Lakwaja ake kawo shi a buhuna, fari tas, a gauraya da baƙar tsakuwa. Za mu raba ɗaki gida-gida da siraran sandunan gilashi ko baƙar roba, domin idan ƙasa ta motsa tsagar ta bi layi, kada ta ratsa tsakiyar falo. A kwaɓa, a zuba, a danne, a yi ta ba shi ruwa. Bayan kwanaki sai wanki, don mu ba ma cewa guga, wankin tarazo muke cewa. Injin yana da duwatsu uku a ƙasansa, ana tura shi ana kwara ruwa, laka fara kamar kunun kanwa tana malala har idon sawu. Lungu da gindin bango da matakala, inda inji ba ya kaiwa, rabon yaro ne. Na shekara biyu a durƙushe da dutse a hannu, siminti ya cinye mini yatsu har ba na iya cin tuwo da zafi. Idan na ce na gama, maigida ba ya dubawa da ido. Tafin hannu yake shafawa a wurin, ya ce, "Yaro, da saura."

Ku shiga tsoffin asibitoci da makarantun gwamnati da masallatan da aka gina a shekarun 1970 ku dubi ƙasa. Rufi ya yi yoyo, tagogi sun tafi, tarazon yana nan.

Duk da haka tayil ya zo ya ture mu. Tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara cika kasuwa da na Sin da na Sifen, kala-kala, mai araha. Ban ga laifin masu gida ba: aikin da za mu yi mako uku muna caɓa musu gida, mai tayil zai gama a kwana uku amarya ta tare. Wasunmu suka koma liƙa tayil, wasu suka hau acaɓa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da aka kira ni in liƙa tayil a kan tarazon da ni na wanke da hannuna. Na yi, don akwai cefane.

Dawowar sana'ar daga waje ta zo. Wani kamfanin Suwidin mai suna HTC, wanda Husqvarna ta saye a 2017, yana cikin waɗanda suka yaɗa injunan da ke cin kankare da haƙoran daimon maimakon dutse. Aka haɗa da wani ruwan sinadari na siliket da ake shayar da kankaren, ya shiga ƙofofinsa ya haɗu da farar ƙasar da ke cikin siminti ya ƙara masa tauri. Da na fara ganin ana zuba shi, makuba na tuna. Manyan sito-sito da kantunan zamani ne suka fara nema, domin motar ɗaga kaya tana farfasa tayil, ifoksi kuma fenti ne, yana ɓarewa. Yanzu har masu gidaje a Abuja da Kano suna tambaya.

Aikin hawa-hawa ne. Ana farawa da haƙori mai kaushi, lamba 30 ko 40, a hau 80, a hau 150, a shayar da sinadarin, sannan a koma masu laushi: 200, 400, 800, har 1500 ko 3000 ga mai son ya ga fuskarsa a ƙasa. Kowace lamba aikinta ta share zanen da ta baya ta bari. Wanda ya tsallake ɗaya don sauri, ranar da hasken hantsi ya shigo ta taga asirinsa zai tonu. Yaran yanzu sun huta da laka, amma sun gamu da ƙura, kuma ta fi laka sharri: ƙurar kankare tana daskarewa a huhu, ba ta fita. Ba na barin yaro ya kunna inji babu takunkumi da na'urar zuƙe ƙura, ko da zai ce na cika tsanani.

Wani Alhaji ya taɓa kirana shagonsa bayan an gama gini. Ina ɗora inji sai yashi ya fara tashi. Ɗan kwangila ya ƙwange siminti, ya cika ruwa, ba a kuma shayar da kankaren ba bayan zubawa. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai yi sheƙi ba ko zan kwana wata a kansa." Ya ce ai ya gani a waya. Na yi iya yina, ya fito dabbare-dabbare, ragowar kuɗina har yau ban gani ba.

Don haka duk mai son irin wannan daɓe, don Allah ya kira mai guga tun kafin a zuba kankare. A sa siminti yadda ya kamata, a daidaita saman, a ba shi ruwa, a bar shi ya cika kwana 28 kafin a kawo inji.