Musaya da sayar da wayoyi, agoguna da kwamfutoci na hannu: Yadda ake yanke musu daraja a kasuwa

Cinikin na'urorin da aka riga aka yi amfani da su, waɗanda ake kira na hannu, ya zama babbar hanyar da 'yan Najeriya da dama ke bi su mallaki wayar salula, ko agogon zamani, ko kwamfuta.

Tun bayan da aka bar kasuwa ta riƙa yanke wa naira daraja a watan Yunin 2023, dalar Amurka ta tashi daga kimanin naira 460 har ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Da yake kusan dukkan waɗannan na'urori daga waje ake shigo da su, farashin sababbi ya tashi, masu saye da yawa suka koma ga na hannu, tsohuwar wayar da ke aljihun mutum kuma ta zama kadarar da za a iya juyawa.

Hanyoyin rabuwa da tsohuwar na'ura

Hanya ta farko ita ce musaya. Mai waya zai kai tsohuwarsa shago, a yi mata kuɗi, a cire daga farashin wadda yake so, ya ba da ciko. Alal misali, idan wadda yake so naira 400,000 ce, aka yi wa tasa kuɗi naira 150,000, cikon da zai bayar naira 250,000 ne.

A Amurka da Turai, kamfanoni irin su Apple da Samsung da kamfanonin layin waya suna da tsarin musaya nasu, inda akan bayyana iyakar abin da za a biya a kan kowane samfuri. Apple ba shi da shagon kansa a Najeriya, don haka akasarin musayar da ake yi a nan tana hannun dillalai da masu shaguna, kuma ciniki ne baki da baki.

Hanya ta biyu ita ce sayarwa ga ɗan kasuwa a karɓi kuɗi nan take. Ta uku kuwa ita ce neman mai saye kai tsaye, ta hanyar 'yan uwa da abokai, ko ta shafukan intanet irin su Jiji da kasuwar Facebook.

Galibi hanya ta uku ta fi kawo kuɗi, domin babu ribar ɗan tsakiya. Ɗan kasuwa dole ya taya ƙasa da abin da zai sayar, saboda yana lissafin kuɗin gyara, da hayar shago, da la'adar dillali, da kwanakin da kayan za su yi a ajiye, da kuma yiwuwar wata matsala ta ɓulla daga baya. Sai dai sayarwa kai tsaye tana buƙatar haƙuri, kuma a nan aka fi haɗuwa da masu tura shaidar biyan kuɗi ta bogi.

Manyan kasuwanni da rabe-raben kaya

Cibiyar wannan ciniki ita ce kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Jihar Legas, wadda ta bunƙasa bayan fara amfani da layukan GSM a Najeriya a 2001. A Abuja akwai Banex Plaza da ke Wuse 2, a Kano kuma akwai kasuwar Farm Centre da ta titin Beirut.

'Yan kasuwa sun raba kayan hannu gida-gida. Akwai waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje, da ake kira 'yan Landan ko tokumbo, ko da kuwa daga Amurka ko Dubai ko Hong Kong aka kawo su. Akwai na gida, waɗanda aka yi amfani da su a Najeriya, kuma yawanci sun fi araha. Akwai kuma waɗanda aka sabunta, wato aka sauya musu batir ko gilashi ko jiki kafin a fito da su kasuwa.

Sabuntawar kamfani daban take da kwaskwarimar bayan shago. A wayoyin iPhone, harafin farko na lambar samfurin da ke cikin saituna yana ba da haske: M na nufin an sayar da ita sabuwa, F na nufin kamfani ya sabunta ta, N kuma na nufin an bayar da ita a madadin wata da ta samu matsala.

Abubuwan da ke yanke farashin waya

Sunan kamfani da samfuri su ne ma'aunin farko. Wayoyin iPhone sun yi suna wajen riƙe daraja, sai manyan wayoyin Samsung. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, suna da saurin shiga saboda yawan masu nema da sauƙin samun kayan gyara, amma tayin da ake yi musu kan yi ƙasa sosai, tunda sabuwa ma ba ta da tsada can.

Na biyu shi ne tsawon lokacin da ya rage kamfani ya ci gaba da sabunta manhajar wayar. Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8 da ya fitar a 2023, Samsung ma ya yi irin wannan alkawari ga Galaxy S24 a 2024. Wayar da aka daina sabunta mata manhaja, sannu a hankali manhajojin banki da na sada zumunta sukan daina aiki a kanta, darajarta kuma ta faɗi.

Na uku shi ne lafiyar batir. Tun 2018 wayoyin iPhone ke nuna kason ƙarfin da ya rage wa batir. A cewar Apple, batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji sau 500, na iPhone 15 zuwa sama kuma bayan sau 1,000. Idan kason ya yi ƙasa da 80, mai saye kan cire kuɗin sabon batir daga tayinsa.

Na huɗu shi ne gilashi da tarihin gyara. Wayar da ba a taɓa buɗe ta ba ta fi wadda aka sauya wa gilashi tsada, musamman idan ba na asali aka saka ba. Tun ƙarshen 2021 iPhone na nuna tarihin sassan da aka sauya a cikin saituna. A can ne kuma ake gane wayar da aka yi wa sauyin riga, wato aka ɗora jikin sabon samfuri a kan injin tsoho, domin sunan samfurin na gaskiya yana nan a rubuce.

Girman ma'adana, da aikin kyamara, da na'urar gane fuska ko yatsa, da lafiyar wurin caji, duk suna shiga lissafi. Haka nan gurbin layi: tun daga iPhone 14 a 2022, waɗanda aka yi domin kasuwar Amurka ba su da wurin saka katin SIM, sai layin eSIM, abin da ke rage musu masu nema a kasuwannin gida.

Lokaci ma yana da tasiri. Apple ya saba fitar da sababbin wayoyi a watan Satumba, Samsung kuma manyan wayoyinsa na Galaxy S a farkon shekara. Da zarar sabon samfuri ya fito, na baya kan sauka, don haka mai niyyar sayarwa ya fi cin riba idan ya riga wannan lokaci.

Makullan da ke kashe daraja

Babu abin da ke karya farashin na'ura kamar makulli. A 2013 Apple ya kawo tsarin da ke ɗaure waya da asusun iCloud na mai ita, Google kuma ya kawo makamancinsa a Android a 2015. Ko an goge wayar, ba za ta buɗe ba sai da bayanan asusun farko. Wayar da aka sayar ba a cire asusun ba, yawanci sai dai a kwance ta a sayar da sassanta.

Akwai kuma wayoyin da aka kulle da layin wani kamfanin waje, da waɗanda aka karɓa bashi a biya kaɗan-kaɗan, waɗanda mai ba da bashin ke iya rufewa daga nesa idan aka daina biya. Mai saye kan iya amfani da irin wannan waya na tsawon makonni kafin ta rufe a hannunsa.

Agogon zamani

Agogon zamani ya fi waya saurin faɗuwar daraja. Batirinsa ƙarami ne kuma a manne yake, sauya shi na da wuya, masu gyaransa kuma ba su kai na waya yawa ba. Kasuwarsa ma a taƙaice take: Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, yayin da agogunan Samsung daga Galaxy Watch 4 na 2021 ba sa aiki da iPhone.

Apple Watch na da makullin asusu tun 2015, kuma hanyar cire shi ita ce a raba agogon da wayar mai shi ta cikin manhajar wayar. Kasuwa cike take da jabun agoguna masu kama da na asali har a kwali, don haka gwajin da ya fi inganci shi ne a haɗa agogon da waya ta manhajar kamfanin kafin a biya kuɗi.

Kwamfutoci

A kwamfutar tafi-da-gidanka, zubin firosesa, da girman RAM, da nau'in ma'adana, su ke yanke farashi. Mai ma'adanar SSD ta fi mai tsohon faifai sauri da tsada. Samfuran da aka yi domin ofisoshi, irin su ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook na HP, su suka fi yawa a cikin tokumbo, saboda kamfanonin waje kan sayar da su da yawa idan sun sauya sababbi.

A ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa na buƙatar sashen tsaro na TPM 2.0, da firosesar Intel zubi na takwas zuwa sama ko makamanciyarta. Kwamfutar da ba ta cika wannan sharaɗi ba ta rasa wani kaso na darajarta.

A ɓangaren Apple, kamfanin ya fara amfani da firosesarsa ta M1 a watan Nuwamban 2020, kuma a 2025 ya sanar cewa macOS Tahoe ce manhaja ta ƙarshe da za ta hau kwamfutocinsa masu Intel. Kafin a sayi kowace kwamfuta, ya kamata a duba adadin cajin batir, da mahaɗin murfi, da madannai, a kuma tabbatar babu kalmar sirri a BIOS ko makullin kamfanin da ya mallake ta a da.

Matakan da mai sayarwa zai ɗauka

Waya na ɗauke da hotuna, da saƙonni, da manhajojin banki, layin da ke cikinta kuma a haɗe yake da lambar NIN tun bayan umarnin da gwamnati ta bayar a watan Disamban 2020. Saboda haka, kafin a miƙa ta ga wani, a kwashe bayanai zuwa wani wuri, a fita daga asusun iCloud ko Google, a cire layi da katin ajiya, sannan a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Fita daga asusu shi ke zuwa kafin gogewa, in ba haka ba makullin zai ci gaba da aiki.

Kwali, da rasit, da cajar asali suna ƙara kuɗi, domin suna kwantar da hankalin mai saye. Yana da kyau a ji tayi daga shaguna biyu ko uku kafin a sallama, kuma kada a saki kaya sai an ga kuɗin a cikin asusun banki, ba a saƙon tes ko hoton rasit ba.

Kayan sata da hukuncin doka

Kowace waya na da lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#. Ya kamata lambar ta dace da wadda ke jikin kwali da rasit. Da ita jami'an tsaro ke bin sawun wayar da aka sace, kuma wanda aka samu wayar a hannunsa shi ake fara tuhuma.

Sashe na 427 na dokar manyan laifuka da ake aiki da ita a kudancin ƙasar, da sashe na 317 na dokar Penal Code ta Arewa, sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga wanda ya karɓi kayan sata da saninsa. Farashin da ya yi araha fiye da ƙima na daga cikin abubuwan da ke jawo zargin cewa mai saye ya san asalin kayan.

Kariyar mai saye ita ce rasit mai ɗauke da sunan shago, da adireshi, da kwanan wata, da lambar IMEI ko lambar na'ura, da wa'adin garanti idan an bayar. Wanda aka sayar wa kaya saɓanin yadda aka siffanta masa na iya kai ƙorafi ga shugabannin kasuwa, ko ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa.

Na'urar da ta gama aiki

Ba duk kayan hannu ke da sauran amfani ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga, wanda aka gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016, ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. A duniya baki ɗaya, rahoton Majalisar na 2024 ya ce an tara tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kashi 22.3 cikin 100 kacal aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida.

A Najeriya, hukumar NESREA ce ke kula da dokokin sharar lantarki, waɗanda aka fara fitarwa a 2011, kuma sun ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya alhakin tattara na'urorin da suka mutu. Matacciyar waya ma tana da ɗan kuɗi a wurin masu gyara da 'yan jari bola, saboda sassanta da ƙarafa irin su tagulla da ɗan zinaren da ke jikin injinta. Batirin da ya kumbura kuwa yana iya kamawa da wuta, don haka ba a huda shi, ba a ƙona shi, ba a kuma jefa shi cikin sharar gida.